Waiwaye: Fentin Garma da Harshen Saniya

A shekarar 1978 Amurka ta haramta sayar da fentin gida mai ɗauke da dalma. Hukumar da ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a ƙasar ta ce dalmar da ke cikin fenti kada ta wuce kashi 600 cikin miliyan, a 2009 kuma aka sake matse ta zuwa kashi 90. Duk mai ba da tarihin yaƙi da gubar dalma sai ya tsaya a kan wannan shekara, kuma ta cancanci a tsaya mata. Sai dai a cikin dokar akwai wani ɗan sashe da ba a cika karantawa ba, inda aka jera fentocin da hanin bai hau kansu ba. Na farko a jerin shi ne fentin da ake sabunta injinan gona da na masana'antu da shi. Hatta ɗan fentin da ake shafe ƙujewar jikin tarakta da shi an ware shi gefe. Sharaɗin da aka gindaya kawai shi ne a manna gargaɗi a jikin gwangwani, cewa busasshen fentin nan yana cutarwa idan an ci ko an tauna, kada a shafa shi a kayan wasan yara, ko kujeru, ko cikin ɗaki. Gargaɗin bai ambaci saniya ba. Alhali kuwa a gona babu mai ci da taunar abin da ba abinci ba kamarta.

Ba na ganin masu dokar da mugun nufi. Yaro ne a gabansu, kuma sun daɗe da makara a kansa. Tun 1904 wani likitan ido a birnin Brisbane na Ostareliya, Lockhart Gibson, ya gano abin da ke sa ana kawo masa yara da ciwon ciki da shanyewar gaɓoɓi da lalacewar gani. Gidajen garin na katako ne, masu baranda, an shafe sandunan barandar da farin fenti. Zafin rana yana mayar da fentin gari, yara suna dafa shi, su kai hannu baki. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne masu cizon farce da masu tsotson yatsa. Faransa da Beljiyam da Ostiriya suka hana shafa farar dalma a cikin ɗakuna a 1909. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi yarjejeniya a kan haka a 1921, Amurka ba ta shiga ba. Sai da aka ƙara fiye da rabin ƙarni kafin ta motsa, da ta motsa ɗin kuma sai ta share ɗaki ta bar garke.

Dalilin da masu ƙera injina suka riƙe dalma hannu bibbiyu ba ɓoyayye ba ne. Ƙarfe yana da maƙiyi ɗaya, tsatsa, kuma shekaru aru-aru ba a san abin da ke tare ta kamar jar dalma ba. Ita ake fara shimfiɗawa a jikin gada da jirgin ruwa da garma kafin a ɗora launi. Launin ma daga dalma ake samo mai kyansa. Ruwan ɗorawan nan mai ɗaukar ido, da ruwan lemo, da wani nau'in kore da ake haɗawa daga ruwan ɗorawa da shuɗi, duk sun daɗe suna fitowa daga wani sinadarin dalma da kuromiyam wanda rana ba ta kashe shi da wuri, ga shi da araha. Motocin ɗaukar 'yan makaranta na Amurka ma, da aka tsayar musu da launinsu a 1939, da irin wannan ruwan ɗorawa aka fara yi musu ado. Akwai kuma dalmar da ake ɗan zubawa don fentin mai ya yi saurin bushewa. Tsohon farin fenti kuwa, wani sa'in rabin nauyinsa idan ya bushe dalma ce zalla. Idan ka dubi abin ta fuskar ƙarfe, babu laifin da za ka kama. An yi fentin don ƙarfe ya daɗe, kuma ya daɗe, har ya wuce wanda ya shafa shi da wanda ya rubuta dokar.

Saniya ba ta da hannu, da harshe take bincike. Ba ta da haƙoran gaba a sama, sai dasashi mai tauri, don haka naɗe ciyawa take yi da harshe ta fizga ta haɗiye, tauna sai an jima idan ta kwanta tuƙa. Ba ta tsince abin da ya shiga bakinta yadda akuya ke yi. Kowane mahauci ya san sakamakon haka, don ya sha feɗe tumbi ya tarar da leda da ƙusa da guntun waya. Abu mai nauyi idan ta haɗiye shi ba ya wucewa, yakan nutse ya zauna a sashen tumbin nan mai 'yan ramuka kamar saƙar zuma. A nan ɓawon fenti ko gutsuren farantin batir zai kwanta makonni, har watanni, ruwan ciki yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, jini yana kwasa. Ƙari a kan haka, wasu sinadaran dalma suna da ɗan zaƙi-zaƙi, shi ya sa wadda ta lasa sau ɗaya takan koma. Maraƙi ya fi kowa shiga haɗari. Ya fi uwarsa son taɓe-taɓe, jikinsa ƙarami ne, hanjinsa kuma ya fi na babba zuƙar dalma, musamman yana kan nono.

Yadda take kama shi abin tausayi ne. Yau lafiyarsa lau, gobe ko jibi sai ka ji yana kuka ba ƙaƙƙautawa, yana tangaɗi, yana afka wa shinge. Idanunsa a buɗe, tas da su, amma ba ya gani, don makantar daga ƙwaƙwalwa take. Yana taunar haƙora har kana ji daga nesa, kumfa na zuba, fatar ido da kunnuwa suna rawa. Wani zai kai goshinsa jikin bango ya danna ya tsaya haka, wani ya yi ta kewaya wuri ɗaya, daga nan sai farfaɗiya. Sau da yawa ma ba a ganin ko ɗaya cikin waɗannan, da safe kawai za a tarar da shi a miƙe. Manyan shanu sukan ja kwanaki: su daina cin abinci, tumbi ya tsaya, kashi ya ƙi fita, daga baya zawo ya ɓarke. Wadda ta tsira ba ta rabu da dalmar ba. Jiki yana ɗaukar dalma tamkar sinadarin gina ƙashi ne, sai ya adana ta a ƙashin. Ranar da saniyar ta ɗauki ciki ko ta fara shayarwa, jiki ya koma ƙashi neman abin da zai ba ɗan, sai dalmar ta biyo, ta shiga mahaifa, ta shiga nono.

A Ingila da Kanada likitocin dabbobi sun san lokacin gubar dalma kamar yadda muka san lokacin sauro. Idan hunturu ya wuce aka buɗe wa shanu ƙofa suka fita fili, 'yan maruƙan da ba su taɓa ganin waje ba sai su bi kowane kwazazzabo da kowane juji suna lasa, nan da 'yan makonni gawarwaki su fara isa ɗakunan bincike. Gaskiyar magana, a ƙasashen nan tsohon batirin mota ne ke kan gaba wajen kisa a yau, fenti yana biye. Amma batir abu ne da ake gani a ɗauke. Fenti yana jikin ƙofar garke, yana jikin tirelar da aka jingine tun zamanin kaka, yana jikin tsohon ƙarfen da aka yanka aka yi komin abinci da shi. Manomi mai tsafta ma yakan faɗa tarkon, ya tara tsofaffin katakai masu fenti ya cinna musu wuta a gefen gona don ya huta da su. Itacen ya ƙone, dalmar ba ta ƙone ba, ta taru a toka, shanu kuwa suna son lasar toka.

Akwai wani labari daga ƙarnin da ya wuce, ko da yake ba na dalma ba ne, da nake ganin ya fi kowanne nuna yadda ido ke tsallake abin da ke gabansa. A 1941 aka fara ganin wata baƙuwar cuta a shanun jihar New York. Hawaye da miyau suna zuba ba tsayawa, dabba tana ramewa, fatar wuya da kafaɗa tana kauri tana tattarewa, gashi yana zubewa, masu ciki suna ɓari. Da aka rasa sunan da za a ba ta sai aka riƙa ce mata cutar X. Peter Olafson na Jami'ar Cornell ya bayyana kamanninta dalla-dalla a 1947, lokacin ta riga ta bazu a jihohi da yawa. Aka nemi ƙwayar cuta, aka zargi ciyawa, aka zargi taki. An shafe kimanin shekara goma ana lalube kafin a farkon shekarun 1950 a kama ɓarawon: wani sinadarin naftalin, ɗan'uwan kafur ɗin da ake sa wa a akwatin tufafi, wanda aka haɗa da kulorin aka zuba a giris da man injina don su jure matsi. Shanu suna lasarsa a jikin tarakta da injin girbi da aka ajiye a fili. Yana ɗiga kuma cikin abinci daga injinan da ke dunƙula dusa. A Jamus an same shi a maganin da ake shafa wa katakon garke don kada ya ruɓe. Da masu yin mai suka daina sa shi, cutar ta ɓace cikin 'yan shekaru. Duk tsawon lokacin nan injin yana tsaye a tsakiyar garken, masu bincike suna wuce shi suna shiga duba shanu.

Ko a ƙarnin da muke ciki abin bai ƙare ba. A Siwizalan, ƙasar da ake buga misali da tsaftar madararta, gwajin nama ya taɓa nuna wani sinadari mai suna PCB ya wuce ƙa'ida a wani garke. Da aka bi sawu sai aka dangana da tsohon fentin bangon ɗakin shanun, wanda aka shafa tun kafin ƙasar ta haramta sinadarin gaba ɗaya a 1986. Iyayen suna ɗauka, maruƙan suna sha a nono.

Mu a nan ba sai an yi mana dogon bayani a kan gubar dalma ba. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Waccan daga niƙan duwatsun zinare ta fito, ba daga fenti ba, amma akwai abu ɗaya a labarin da ya shafi zancenmu. Da masu bincike suka zo, mutane sun gaya musu cewa tun kafin yara su fara mutuwa agwagi sun riƙa ɓacewa a garuruwan, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai. Dabbar gida tana cin ƙasar da yaro ke rarrafe a kai, tana lasar ƙarfen da yake dafawa, kuma sau da yawa ita ke fara faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana zuƙar dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu wani adadi nata a jini da za a ce ba shi da illa. Maraƙin da ya makance a tsakar gida, bayan asarar da ya jawo, dalili ne na a kai yaran gidan a duba jininsu.

Shanunmu kuwa sun fi na Turawa kusanci da ƙarfe mai fenti. Shanun noma suna wuni da garma da amalanke, su kwana a gefensu. San da aka turke don Babbar Sallah yana cin dusa da harawa a cikin rabin durom da aka tsaga, wanda ba kasafai ake sanin abin da ya taɓa ɗauka ba, yana shan ruwa a bokitin fenti. Igiyarsa gajeriya ce, yini guda ba shi da aiki, duk abin da harshensa ya kai sai ya lashe shi har ya yi ƙyalli. Da rani, idan ciyawa ta bushe jiki ya rasa gishiri da sinadarin fosfaras, kwaɗayin lasa yana ƙaruwa, har ka ga saniya tana gwaguyar ƙashi da tsumma. Ga taraktocin da suka shigo tun zamanin shirin Ciyar da Ƙasa na 1976 da Juyin Noma na 1980, waɗanda da yawansu suka zama kwarangwal a bayan gari, awaki da maruƙa suna fakewa a inuwarsu. Ga na gwanjo da ake ta shigowa da su daga Turai da fentinsu na asali. An ƙera da yawansu a lokacin da dalma ta zama ruwan dare a fentin ƙarfe. Tunda ido ba ya iya tantancewa, abin da hankali zai ɗauka shi ne a ƙaddara tana nan.

Sabon gwangwani ma bai kuɓuta ba. A 2017 ƙungiyar SRADev ta Legas da takwararta ta duniya IPEN sun gwada fentocin mai da ake sayarwa a kasuwannin Najeriya, suka tarar yawancinsu sun haura kashi 90 cikin miliyan, wasu sun zarce kashi 10,000, masu ruwan ɗorawa kuma su ne kan gaba. A wannan shekarar Kamaru ta kafa dokar kashi 90. Dokoki irin wannan suna da amfani, amma hannunsu gwangwanin da ke kanti kawai yake kaiwa, ba ya kaiwa ga abin da ya riga ya bushe a jikin ƙarfe.

Je ka wurin mai walda ka karɓi sabon komi ko amalanke, za ka same shi ja wur, ciki da waje. Ka ce masa, "Malam, wane irin fenti ne wannan?" Zai ce, "Jan fenti ne, Alhaji, mai hana tsatsa. Na ma yi maka har ciki don ya daɗe." Kyautatawa ya yi niyya, kuma gaskiyar abin da ya sani ya faɗa. Matsalar ita ce jan fenti mai hana tsatsa iri biyu ne. Akwai wanda aka yi da tsatsar ƙarfe ita kanta, launinsa na jar ƙasa ne, wannan da sauƙi idan ba a gauraya masa komai ba. Akwai na jar dalma, wanda ya fi karkata zuwa ruwan lemo, gwangwaninsa kuma nauyi ne da shi fiye da girmansa. Wannan bambanci yana ɗan taimakawa, amma ban yarda a dogara da shi ba, don na farkon ma ana iya sa masa dalmar busarwa, kuma fentin da ake aunawa a kwalba a bakin kasuwa ba shi da takardar da za a karanta.

Shi ya sa nake ganin tambayar "wane fenti ne ba ya cutar da shanu" ta zo a baya. Wadda ke gabanta ita ce, ina harshe zai kai? Duk inda zai kai kullum, kamar cikin komi da bakinsa, da bututun shinge, da turke, da sandar amalanke inda sa ke juyo da kai, barinsa ba fenti ya fi. Tsatsa muni gare ta, amma lasarta ba ta kashe saniya. Komin siminti, ko na katakon da ba a shafa wa komai ba, ko na roba da aka san abinci ta ɗauka, ko ƙarfe mai rufin zinki, duk sun wadatar. Inda dole sai an yi fenti, a nemi wanda masu shi suka rubuta a jiki cewa babu dalma, a yi aikin nesa da garke, a bar shi kwanaki har warin tina ya fita gaba ɗaya, don taɓawa a ji ya bushe ba ya nufin cikinsa ya ƙanƙame. Gwangwanin da burushin da tsumman kada a jefa su a juji inda dabbobi ke kiwo.

Kankare tsohon fenti ya fi shafa sabo haɗari, kuma a nan ne masu son gyara suke yin ɓarna. Mutum ya ɗauko sanfefa ko injin gurza ya hau tsohuwar tarakta a tsakar gida, fentin da ya shekara arba'in a manne ya zama ƙura cikin yini ɗaya, ya sauka a kan harawa, da ruwan sha, da huhun mai aikin, da ƙasar da yara ke wasa. Wani kuma da wutar walda yake ƙone shi, ya shaƙi hayaƙin. Idan za a yi, a shimfiɗa tamfol, a jiƙa wurin da ruwa ana kankarewa, a tattare abin da ya zubo a rufe. Idan ba za a iya ba, a zagaye injin da shinge a ƙyale shi. Ajiye wa shanu gishirin lasa da kanwa yana rage musu neme-neme, ko da yake ba ya hana maraƙi halinsa. Haka baƙin man da wasu ke shafa wa dabba don kaska ko gyambo, shi ma haɗari ne, don ita da 'yan'uwanta ne za su lashe shi.

Idan abin ya riga ya faru, akwai magani, kuma likitan dabbobi ne mai ba da shi: allurar da ke kama dalmar a jini ta fitar da ita ta fitsari, da bitamin B1 don ƙwaƙwalwa, da gishirin magnesiyam da ake ɗurawa don ya ɗaure wadda ta rage a ciki. Gwajin jini yana tabbatarwa, kashi 0.35 cikin miliyan ya isa shaida a saniya. Amfanin gwajin ya wuce magani. Alamomin nan suna kama da na haukan kare, suna kama da na wasu cututtukan ƙwaƙwalwa, a ƙauye kuma idan shanu biyu ko uku suka faɗi a mako ɗaya, tunani ba ya zuwa kan tsohuwar tirela. Yana zuwa kan iska, ko kan maƙwabcin da aka yi cacar baki da shi a kan ɓarnar gona. A yankunan da manomi da makiyayi suke zaman doya da manja, zargin an sa wa shanu guba ba ƙaramin abu ba ne. Kafin a nuna wani da yatsa, ya kamata a zagaya inda shanun suka yi kiwo a duba abin da suka lasa.

Sai maganar wuƙa, wadda ita ce mai wuya. A Birtaniya idan aka samu gubar dalma a garke, akan hana dabbobin da abin ya shafa shiga kasuwar nama na tsawon mako 16, har da waɗanda ba su nuna alama ba, don su ma sukan kasance da ita a jini. A wurinmu, da sa ya fara tangaɗi abin da ake kira shi ne, "A kawo wuƙa kada ya yi mushe." Na san sauƙin faɗar "a haƙura" ga wanda ba nasa ba ne, alhali san nan wataƙila shi ne noman bana da kuɗin auren 'ya. Amma yanka yana halatta nama ne, ba ya cire masa dalma, wuta ma ba ta cire ta, ko gashi ko dahuwa. Inda ta fi taruwa kuwa shi ne hanta da ƙoda, waɗanda su ake fara tsirewa a miƙa wa yara da mai jego, sai ƙashi da ake dafa romo da shi. Dabbar da ta faɗi da waɗannan alamomi, rami mai zurfi ya kamata ta shiga, nesa da rijiya, inda kare ba zai tono ba. Nonon sauran shanun da suka yi kiwo tare da ita kuma a dakatar da sha da sayarwa har likita ya gwada jininsu.